Sun karɓi maƙalarka cikin kwana 4? Riƙe kuɗinka tukuna

Wani matashin malamin kimiyyar kwamfuta a nan Sakkwato, wanda ke tsakiyar karatun digirinsa na uku, ya aiko da tambaya. Ya ce ya haɗa wata sabuwar dabarar ɓoye saƙo, inda ya ɗauki AES, fitacciyar dabarar ɓoye saƙo da ake amfani da ita a duniya, ya ƙara mata wani lissafi nasa na kansa, ya kuma tura maƙalar wani taron ƙasa da ƙasa da za a yi a Dubai. Kwana 4 tsakani aka yi masa albishir cewa an karɓa, saura ya biya dala 450 kuɗin rajista. Yana so ya san ko ya biya. In kuma taron na bogi ne, to waɗanne ne na ƙwarai a fagen ɓoye saƙo da tsaron intanet, kuma mutumin da ke zaune a nan zai iya kai aikinsa can?

Malam, kada ka biya. Yau ɗin nan ma ka rubuta musu layi biyu cewa ka janye maƙalarka, kuma kada ka sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka in sun haɗo ta da saƙon. Da zarar sun ɗora aikin a shafinsu da sunan wanda aka buga, tarukan kirki ba za su sake dubansa ba, don ƙa'idarsu ce ba sa ɗaukar abin da ya riga ya fito a wani wuri. Ka ga an yi biyu babu ke nan, kuɗi sun tafi, aikin ma ya bi su.

Ba sai an tsaya bin sunan taron ba, kwana 4 ɗin nan sun isa shaida. A taron ƙwarai, watanni kafin ranar taro ake fitar da sanarwa ɗauke da wa'adin rufe karɓar maƙaloli da sunayen 'yan kwamitin tantancewa, kowa da inda yake aiki. Za ka tura maƙalar babu sunanka a jiki, babu sunan makarantarku, hatta godiyar da ka yi wa malaminka sai ka cire, don kada mai dubawa ya gane ko daga Sakkwato ta fito ko daga Stanford. Sai a raba ta ga mutum uku ko fiye waɗanda suka san wannan lungu na ilimin, su yi makonni suna bin lissafinka layi bayan layi. Daga nan a turo maka abin da suka ce, a ba ka 'yan kwanaki ka kare kanka a rubuce, su kuma su koma su yi ta ja-in-ja a tsakaninsu. Daga ranar turawa zuwa ranar hukunci akan ci wata biyu zuwa uku. A manyan tarukan, wajen ɗaya cikin biyar ake ɗauka, wata shekarar ma ba ta kaiwa haka. Huɗun da aka mayar kuwa ba na ragwaye ba ne, a ciki akwai na farfesoshin da duniya ke ji da su.

Ka koma ka duba abin da mutanen Dubai ɗin suka rubuto maka a matsayin sharhi. Na tabbata bai wuce yabo da cewa a gyara jerin manazarta ba. Sharhin gaske kuwa yakan zo da lambar shafi. Za ka ga an ce maka a shafi na 4 ka yarda mai kai hari zai iya zaɓar saƙon da za a ɓoye, amma a shafi na 9 hujjarka ta ɗauka ba zai iya ba, saboda haka daga nan ginin ya rushe. Ko a ce wannan da kake kira sabo, wane da wane sun yi shi shekara goma da suka wuce, an kuma fasa shi bayan shekara biyu. Karanta irin wannan ba daɗi, sai dai shi ne ribar turawar, kuma kyauta ake yin sa. Sai an karɓi aikinka ake maganar kuɗin rajista.

Kasuwar tarukan bogi ta daɗe tana ci. A 2005 wasu ɗalibai uku a MIT suka rubuta wata manhaja mai suna SCIgen, wadda ke harhaɗa kalmomin kimiyyar kwamfuta su ba da surar maƙala, har da zane-zane, amma babu ma'ana ko ta anini. Suka tura wa wani taro a Amurka, aka karɓa. A 2014 kuma kamfanin ɗab'i na Springer da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE suka cire maƙaloli sama da 120 daga rumbunansu bayan wani masani ɗan Faransa, Cyril Labbé, ya nuna cewa inji ne ya rubuta su. Wannan na biyun ya fi shafarmu, domin a nan da an ga tambarin IEEE ko sunan Scopus, kundin da ke lissafa mujallu da taruka, a jikin sanarwa sai hankali ya kwanta. IEEE na da hannu a taruka sama da dubu kowace shekara, akwai na gani na faɗa, akwai kuma na jeka-na-yi-ka. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta umarci kamfanin OMICS ya biya sama da dala miliyan 50 kan yaudarar masu bincike game da mujallunsa da tarukansa, ciki har da tallata sunayen masana a matsayin masu halarta alhali ba su amince ba.

Tantance taro ba ya cin awa guda. Ka buɗe DBLP, wato kundin da ya soma daga Jami'ar Trier ta Jamus, wanda ke adana sunayen maƙalolin kimiyyar kwamfuta, ka nemi sunan taron ka ga abin da aka gabatar a cikinsa bara da bara waccan. Ka ɗauki mutum biyar daga cikin kwamitin ka duba ko sun taɓa rubuta wani abu a wannan fage, ko ma sun ambaci taron a shafukansu. Akwai kuma jerin CORE na Ostireliya da ke ba taruka daraja daga A* zuwa C. Ba wahayi ba ne, amma taron da babu shi a DBLP babu shi a CORE, ka yi hattara da shi. Alamar da ba ta ƙarya ita ce faɗin baki: taron da yake karɓar maƙala kan ɓoye saƙo da noman rani da koyar da Turanci duk a zaure ɗaya, a otal ɗaya, rana ɗaya, kuɗin rajistarka kawai yake nema.

Yanzu bari in faɗa maka dalilin da ya sa wannan magana ta fi tsanani a fagenmu fiye da sauran fagage. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da ake bi har gobe: ka ɗauka abokin gaba ya san duk yadda dabararka ke aiki, mabuɗi kaɗai ne bai sani ba. To in haka ne, ta yaya za a san dabara tana da ƙarfi? Wanda ya ƙera ta ba zai iya ba da shaida ba, don kowa na iya haɗa abin da shi kansa zai kasa fasawa. Hanya ɗaya ce, a ajiye ta a fili, gwanaye su yi shekaru suna dukanta. Kamar ɗan kokawa ne, kirarin da makaɗinsa ke yi masa a ƙofar gida ba ya sa a ba shi kambu, sai ya shiga fili an ga bayansa bai taɓa ƙasa ba. Tarukan nan su ne filin. AES da ka ɗauka ka ƙara wa lissafi, ta wannan hanya ta fito: hukumar NIST ta Amurka ta buɗe gasa, aka yi shekaru ana gwabzawa a taruka, a 2000 aka zaɓi Rijndael ta Joan Daemen da Vincent Rijmen 'yan Beljiyam, a 2001 ta zama ma'auni.

Abin da ya faru a Santa Barbara a watan Agustan 2004 ya nuna yadda filin yake. A taron Crypto akwai wani zaman dare da ake ba kowa 'yan mintoci ya faɗi sabon abin da ya samo, rabi raha rabi ilimi. A nan Xiaoyun Wang, wata malamar lissafi daga Jami'ar Shandong ta ƙasar Sin, ta nuna saƙonni biyu mabambanta da ke ba da tambari iri ɗaya a MD5, dabarar da ke fitar wa kowane fayil ɗan gajeren tambarinsa, wadda duniya ta dogara da ita a lokacin wajen tabbatar da cewa ba a taɓa fayil ba. Ba a buƙatar a yarda da maganarta, duk mai kwamfuta zai iya zuba saƙonnin biyu ya gani da idonsa. Shekara ta zagayo ita da abokan aikinta suka nuna raunin SHA-1, wata dabarar tambarin irin MD5, sai a 2017 masu bincike na CWI ta Amsterdam da Google suka fito da fayil biyu na PDF masu tambarin SHA-1 iri ɗaya.

Na kwanan nan ya fi wannan ban mamaki. Tun 2016 NIST ke neman dabarun da za su jure wa kwamfutar kwantum, wata sabuwar irin kwamfuta da ake fargabar za ta iya fasa wasu dabarun yanzu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nisa ita ce SIKE, wadda aka gina a kan wani tunani da aka gabatar tun 2011. A farkon Yulin 2022 aka wuce da ita zagaye na huɗu. Kafin watan ya ƙare, Wouter Castryck da Thomas Decru na Jami'ar Leuven suka saki maƙalar da ta fasa ta cikin kusan awa ɗaya a kan kwamfuta guda, suna amfani da wani sakamakon lissafi na Ernst Kani na 1997 da masu tsaron dabarar ba su kawo shi a rai ba. Fiye da shekara goma manyan masana na dubawa, amma ta faɗi. Ka riƙe wannan a zuciya duk lokacin da wani ya ce ya tantance maka sabuwar dabara tsakanin Litinin da Alhamis.

Su waye na ƙwaran? A ɓangaren lissafin ɓoye saƙo, uwar tafiyar ita ce IACR, ƙungiyar masu binciken ɓoye saƙo ta duniya, wadda ke da manyan taruka uku: Crypto da ake yi a Santa Barbara cikin Agusta tun 1981, Eurocrypt da ke zagaya biranen Turai wajen Afrilu ko Mayu, da Asiacrypt wajen Disamba. Tana da wasu na ɓangare-ɓangare, kamar CHES na masu dasa dabarun a cikin na'urori da katuna, FSE na dabaru irin su AES, sai PKC da TCC, da kuma Real World Crypto inda masu bincike ke haɗuwa da injiniyoyin kamfanoni. A ɓangaren tsaron kwamfuta da hanyoyin sadarwa kuma huɗu ne a sama: IEEE Symposium on Security and Privacy, wanda aka fara a 1980 kuma har yau ake ce masa Oakland, da ACM CCS, da USENIX Security, da NDSS da aka saba yi a San Diego. A CCS na 2017 Mathy Vanhoef ya gabatar da harin KRACK a kan WPA2, tsarin da ke kulle Wi-Fi ɗin da ke ofishinku. Meltdown da Spectre, waɗanda suka girgiza masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗaya a USENIX Security na 2018 ya fito, ɗayan a Oakland na 2019. Bayan waɗannan akwai masu mutunci da dama da mai farawa zai fi samun shiga, irin su ESORICS, ACSAC, AsiaCCS, ACNS da Indocrypt. Namu na gida shi ne Africacrypt, wanda aka fara a Kasabalanka ta Maroko a 2008, an yi shi a Dakar, an yi a Alƙahira, an yi a Duwala ta Kamaru a 2024, kuma Springer ke buga maƙalolinsa. Kada sunan Afirka ya sa ka ɗauka rangwame ake yi. Turawa da mutanen Asiya na turo aiki, kuma ana mayar da maƙaloli da yawa.

Sai maganar da ba za ta yi maka daɗi ba, amma gara ka ji ta daga na gida. Maƙalar da ka bayyana min, ko Africacrypt ba na jin za ta wuce. Ba don daga nan ta fito ba. Irin aikin ne ya yi yawa a sassan kwamfuta na jami'o'inmu: a ɗauki AES ko RSA (wata dabarar mai mabuɗi biyu, na fili da na sirri), a haɗa da wani juye-juyen haruffa ko taswirar hargitsi, a ɓoye hoto, a nuna jadawalin launuka ya baje, a auna cewa canza bit ɗaya (wato sifiri ko ɗaya guda a cikin lambobin kwamfuta) ya canza rabin sakamako, a wuce gwaje-gwajen ƙididdiga na NIST, sai a rubuta cewa an samu ƙarin tsaro. Mai tantancewa zai yi maka tambaya uku kacal. Wace matsala ce AES ke da ita da kake magancewa? Wane irin mai kai hari kake karewa, me yake gani, me yake iya taɓawa? Ina hujjar lissafi, ko kuwa ina binciken da ka yi da sanannun hare-hare, kamar na bambance-bambance da Biham da Shamir suka gabatar a Crypto na 1990, da na layi da Matsui ya kawo a Eurocrypt na 1993?

Ga gwajin da za ka iya yi da daren nan. Ka ɗauki AES ɗin kanta, amma ka sa mabuɗin ya zama bit 20 ne kawai ke canzawa, sauran duk sifiri. Ka ɓoye hoto da ita. Jadawalin launuka zai baje sumul, gwajin canza bit ɗaya zai ba ka kusan kashi 50 cikin 100, gwaje-gwajen ƙididdiga za su wuce lafiya lau. Amma mabuɗan da za su yiwu 1,048,576 ne kacal, laftof ɗin ɗalibinka zai gwada su duka kafin shayi ya huce. Duk ma'aunan da ke babi na huɗu na irin waɗannan kundaye sun ce dabarar lafiyarta ƙalau, alhali ƙofa a buɗe take. Kuma wannan ya faru a zahiri. A Eurocrypt na 2021 wasu masu bincike suka nuna cewa GEA-1, dabarar da aka yi amfani da ita wajen kulle data a tsohon layin waya na GPRS, mabuɗinta bit 64 ne a takarda amma ƙarfinta na bit 40 ne, kuma alamu sun nuna da gangan aka raunana ta.

To me mutum zai yi daga Sakkwato? A nan ne nake ganin muna barin abin da ke hannunmu muna bin abin da ba mu da kayan aikinsa. Ka je bakin tashar mota ko cikin babbar kasuwa ka tsaya kusa da mai POS na rabin awa. Za ka ga dattijo ya miƙa kati ya faɗi lambar sirrinsa da baki, mutane na tsaye suna ji, don idonsa ba ya ganin madannan ko bai iya boko ba. Za ka ga wadda wayar da asusunta ke kai tana hannun ɗanta ko mijinta. Za ka ga mai shago na jiran alat, an nuna masa hoton rasit a fuskar waya ya saki kaya. Ga masu kiran waya da Hausa tsantsa suna cewa daga banki suke, BVN ɗinka ya samu matsala, ka karanto lambar da aka turo maka. Ga sace layi, inda mai riƙe da SIM ɗinka ya zama kai a wajen banki. Ga USSD da talaka ke tura kuɗi da ita a kan ƙaramar waya, sau da yawa a layin 2G, wanda dabarar kulle shi ta A5/1 tun a FSE na 2000 Biryukov da Shamir da Wagner suka nuna rauninta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tambayar bincike ce, kuma mai zaune a Zurich ba shi da harshen da zai yi hira da dattijon nan, ba shi da amanar da za ta sa mai POS ya buɗe masa ciki.

Kuma manyan tarukan na karɓar irin wannan aiki. A USENIX Security na 2015 Bradley Reaves da abokan aikinsa suka warware manhajojin tura kuɗi ta waya guda 7 na ƙasashe masu tasowa, suka tarar da manyan ɓaraka a 6. Akwai taro sukutum, SOUPS, wanda aikinsa shi ne nazarin yadda mutane ke mu'amala da tsaro, da PETS na sirrin bayanan mutane. Idan kuma lissafi ne ya fi kwanta maka, ba dole sai da manyan injuna ba. A USENIX Security na 2012 Nadia Heninger da abokan aikinta suka tattaro mabuɗan RSA na fili daga ko'ina a intanet, suka nemi babban rabon da ke tsakanin kowane biyu, lissafin nan na Yuklid da ake koyarwa a ajin farko na jami'a, sai ga mabuɗan sirri na dubban na'urori sun zubo, saboda na'urorin sun yi tarayya a lamba ɗaya wajen ƙirƙirar mabuɗi. Tambayar ce sabuwa, lissafin ya haura shekara 2,000.

Sai dai ka kiyaye. Gwada kutse a kan tsarin banki ko kamfanin waya ba da izini a rubuce ba laifi ne ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kuma cewa bincike kake yi ba zai fitar da kai ba. Tattara bayanan mutane kuma na ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, saboda haka ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku kafin ka yi hira da mutum ɗaya. Tarukan ma yanzu suna tambaya. A 2020 wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota suka gwada tura gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani ga masu kula da babbar manhajar Linux ba tare da sanar da su ba. Ƙarshenta a 2021 aka haramta wa jami'ar tura gyara, aka kuma janye maƙalar daga Oakland duk da an riga an karɓe ta.

Na san abin da ke ranka wanda ba ka faɗa ba, wato ƙarin girma. Kwamitocin jami'o'inmu sun fi ba maƙalar mujalla maki a kan ta taro, domin a yawancin fannoni haka abin yake. A kimiyyar kwamfuta kuwa a juye yake, maƙala ɗaya a Eurocrypt ta fi tarin maƙaloli a ƙananan mujallu nauyi wajen waɗanda suka san fagen. Kai kaɗai ba za ka canza wa kwamiti ra'ayi ba, kuma ba sai ka yi ba. FSE da CHES sun koma tsarin mujalla: kana tura aiki ga mujallunsu, ToSC ko TCHES, in an karɓa ya fito a matsayin maƙalar mujalla mai kundi da lamba, sannan ka gabatar da shi a taron. PETS ma haka take da PoPETs. A 2024 IACR ta fara wata mujallar, Communications in Cryptology. Duk waɗannan kyauta ake karanta su, kuma suna karɓar aiki fiye da sau ɗaya a shekara.

Kuɗin tafiya da biza su ne ƙashin bayan matsalar, ba zan ɓoye maka ba. Tikiti daga Sakkwato zuwa Abuja ko Legas, daga can zuwa Kalifoniya, ga masauki, ga rajista, albashin malami ba ya ɗauka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka karɓi maƙalarka ka rubuta wa shugaban shirya taron ka nemi takardar gayyata ta ofishin jakadanci, ka kuma tambayi tallafin ɗalibai, domin tarukan IACR da na USENIX sukan ware wani abu don ɗalibai, kai kuma ɗalibi ne a ƙa'ida tunda kana digiri na uku. Ka leƙa ofishin TETFund na makarantarku ka ji halin da tallafin halartar taro yake ciki a bana. In biza ta ƙi, ka faɗa musu da wuri, akan bar abokin aiki ya gabatar ko a nemi wata hanya. In kuma aka ci sa'a taro ya faɗo a Dakar, fasfon ECOWAS ya wadatar. Tarukan gida kamar na Nigeria Computer Society suna da amfaninsu wajen sanin mutane da koyon tsayuwa gaban jama'a, ka je, amma ka san ma'auninsu daban ne.

Kafin duk wannan, karatu. Rumbun ePrint na IACR kyauta ne, kuma kusan duk maƙalar ɓoye saƙo mai muhimmanci tana fara bayyana a can, wani lokaci watanni kafin taro. Ajiye aiki a can ba ya hana taro karɓarsa, amma ka sani ba a tantance ingancin abin da ke ciki, saboda haka kada ka ɗauki duk abin da ka gani a matsayin tabbatacce. USENIX da NDSS na sakin maƙalolinsu kyauta, bidiyon jawaban IACR da na USENIX kuma na YouTube, ka sauke da dare lokacin da data ke araha. Ka zaɓi taro ɗaya, ka karanta taƙaitawar duk maƙalolinsa na shekara biyu, ka ware uku da suka ja hankalinka, ka zauna da ɗaya har sai ka iya maimaita sakamakonta a kwamfutarka. Yawancin marubuta yanzu na sakin manhajar da suka yi aikin da ita. Inda ka maƙale, ka rubuta wa marubucin gajeren imel mai tambaya ɗaya tak, da lambar shafi da abin da ka gwada. Irin wannan saƙo ana amsa shi fiye da yadda kake zato, musamman in ɗalibin da ya yi ainihin aikin ka rubuta wa ba farfesan ba, kuma sau da yawa ta nan ake samun abokin rubutu. Ka koyi LaTeX, tsarin rubuta maƙaloli masu lissafi a kwamfuta, tun yanzu, don da shi ake rubutu a fagen nan, mai tantancewa na ganin maƙalar Word ya san baƙo ne.

Turawar farko wataƙila a mayar maka. In hakan ta faru, ka bar sharhin ya kwana biyu, sannan ka zauna da malamin da ke duba aikinka ku bi shi ɗaya bayan ɗaya, ku ware wanda kuskure ne na gaske da wanda rashin bayani ne ya jawo. Wa'adin tarukan a jere suke cikin shekara, wanda ya faɗi a wannan zai iya gyarawa ya samu na gaba bayan wata biyu ko uku. Abu ɗaya ne ba a yafewa: tura maƙala ɗaya wurare biyu a lokaci guda. 'Yan kwamitocin sun san juna, wani ma yana zaune a duka biyun, kuma in aka gano, duka wuraren za su yi watsi da ita, a kuma iya hana ka turawa na wani lokaci.